Burbushin kabon da cutar karkarwa: abin da ɓeraye da birai suka nuna

Baffana tela ne a Gangare, nan cikin Jos. Ya haura shekara arba'in a kan keke, kuma a da ko a hasken aci-balbal zai zura zare a allura yana hira. Shekara huɗu ke nan da muka fara lura da hannunsa na dama. In ya zauna a benci bayan La'asar ya ɗora hannun a cinya, sai ka ga babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun. Da ya miƙa hannu zai ɗauki almakashi, sai rawar ta lafa. Littafin da yake rubuta awon mutane kuwa, in ka gwada shafukan baya da na yanzu, lambobin sun yi ta ƙanƙancewa har sai ka kanne ido kafin ka karanta. Likita ya ce cutar Parkinson ce, wato cutar karkarwa, ya ɗora shi a kan maganin levodopa.

Cikin sanyin da ya wuce ƙaramin ɗansa ya same ni da waya a hannu, fuskarsa fal murna. "Yaya, ka ga wannan kuwa? An ce an gano maganin ciwon Baba a jikin gawayi. Har an gwada wa birai sun samu sauƙi." Ya riga ya ƙudurta zai sayo gawayi mai kyau a daka a tankaɗe, a riƙa dama wa tsohon a kunu.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da yaron ya karanta yana da tushe: akwai binciken, akwai biran, kuma wasu daga cikin 'yan mitsitsin ƙwayoyin kabon da ake magana a kansu (kabon shi ne babban sinadarin da ke cikin gawayi) daga gawayi aka samo su. Sai dai tsakanin wannan bincike da kofin kunun Baffa akwai tafiya mai nisa, kuma tafiyar ce nake so mu bi a hankali, domin na san ba gidanmu kaɗai wannan labari ya shiga ba.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi da likitoci ke kira substantia nigra. Ƙwayoyin da ke wurin su ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya fara a kan lokaci, ya tafi sumul, ya tsaya inda ake so. A cutar Parkinson waɗannan ƙwayoyi ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma kafin rawar hannu ko sanƙarewar jiki ta bayyana, an riga an yi asarar kaso mai yawa daga cikinsu. Wani likitan Landan, James Parkinson, shi ya fara bayyana cutar a rubuce a 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 fiye da mutum miliyan 8.5 ke ɗauke da ita. Duk wanda ya ga Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a 1996, hannunsa na rawa, ya ga kamanninta. Levodopa, wanda aka fara cin moriyarsa sosai a ƙarshen shekarun 1960, yana cike gurbin dofamin ɗin da ya yi ƙaranci, amma ba ya hana ƙwayoyin ci gaba da mutuwa. Maganin da zai tsayar da mutuwar shi ake nema ido rufe, kuma har yau ba a samu ba.

To me ke kashe su? Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga ciki shi ya kawo mu ga kabon. Kowace ƙwayar jiki tana da 'yan murahu da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da iskar oksijin a samu ƙarfi. Duk murhun da ke ci kuwa yana fitar da tartsatsi. Tartsatsin nan shi ne oksijin da ya ɗauki ƙarin lantarki guda ya zama abin da ake kira sufa'oksaid, da danginsa, waɗanda ke afka wa duk abin da suka taɓa: kitsen bangon ƙwaya, furotin, har da ƙwayoyin gado. Irin aikin da tsatsa ke yi wa kwanon rufi ke nan. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke shan kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin, don haka murahunta ba sa hutawa. Ƙwayoyin dofamin kuma sun fi kowa shan wahala: rassansu dogaye ne masu yawan gaske, suna aiki dare da rana, wurin yana tara ƙarfe, kuma dofamin ɗin kansa in ya lalace yana ƙara haifar da tartsatsi.

Jiki yana da masu kashe gobararsa. Babba daga ciki shi ne wani sinadari da ake taƙaita sunansa da SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969. Yana kama sufa'oksaid ya juya shi, sannan ya saki ya kama wani. Matsala tana tasowa ne in tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashewa.

Hujjar da ta ƙarfafa wannan tunani ta zo ta hanya mai ban tausayi. A 1982 a Kalifoniya aka kai wasu matasa asibiti sun sanƙare kamar gumaka, ba motsi ba magana, cikin 'yan kwanaki sun koma kamar tsofaffin da suka shekara ashirin da Parkinson. Likita William Langston ya bi diddigi ya gano sun yi wa kansu allurar wata ƙwaya ta jabu da ta gurɓata da sinadarin MPTP. A cikin ƙwaƙwalwa sinadarin yana rikiɗa ya zama guba da ƙwayoyin dofamin ke zuƙa da kansu, ta je ta toshe murhun mitokondiriya. Tun daga lokacin masu bincike suka samu hanyar haifar da alamun cutar a jikin ɓeraye da birai domin gwajin magani. Abin da ya kamata mu 'yan Filato mu lura da shi a nan shi ne, gubar nan ta yi kama a tsarinta da paraquat, maganin ciyawar da manomanmu suka daɗe suna feshi da shi, sau da yawa ba safar hannu ba abin rufe hanci. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya samu cewa masu aiki da paraquat ko maganin ƙwari mai suna rotenone sun ninka sauran kusan sau biyu da rabi wajen kamuwa da cutar.

Da aka gane haka, dabara ta farko a bayyane take: a ba marasa lafiya abubuwan kashe tartsatsi da aka riga aka sani. An yi, kuma an yi da gaske. Gwajin DATATOP ya ɗauki mutum 800 ya ba wasu bitamin E mai yawa, bai rage saurin cutar ba. An gwada CoQ10 a kan mutum 600, aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa don an ga babu amfanin da zai fito, aka wallafa sakamakon a 2014. An gwada creatine a kan mutum sama da 1,700, a 2015 shi ma ya zo hannu rabbana. Kuma kafin a kai su ga mutane, CoQ10 da creatine duk sun nuna alamar kariya a jikin ɓeraye. Wannan tarihi nake so mai karatu ya riƙe a ransa, domin duk wani sabon albishir da shi za a auna shi.

Masu binciken kabon suna da amsar da suke bayarwa game da wannan faɗuwa, kuma amsa ce mai ma'ana. Bitamin kamar bokitin ruwa ne: ka watsa sau ɗaya ya ƙare, sai an sake cika shi, kuma cikawar tana dogara ga ƙwayar da ita kanta take cikin wahala. Abin da ake buƙata shi ne wanda zai yi aiki irin na SOD, ya kashe ya koma ya sake kashewa ba tare da ya ƙare ba. SOD ɗin kansa furotin ne babba, ba ya daɗewa a jini, ba ya kuma tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. A nan ƙwayoyin kabon suka shigo.

Ana auna su da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubu tamanin ko fiye. Mafi shahara a cikinsu ita ce C60, ƙwallo mai ƙwayoyin kabon sittin da aka jera kamar ɗinkin tsohuwar tamola, faci goma sha biyu masu kusurwa biyar da ashirin masu kusurwa shida, faɗinta kusan nanomita ɗaya. Kroto da Curl da Smalley suka gano ta a Jami'ar Rice da ke Amurka a 1985, suka ci kyautar Nobel a 1996. Saboda yadda lantarki ke yawo a bangonta, tana iya karɓar lantarkin da ya yi wa tartsatsi yawa. Sai dai ba ta narkewa a ruwa, don haka sai an liƙa mata wasu sinadarai kafin ta iya shiga jini.

Wata irin da aka gyara haka, mai suna C3, ita Laura Dugan da abokan aikinta suka daɗe suna bi. A 1997 suka nuna tana jinkirta lalacewar motsi da mutuwa a ɓerayen da aka ƙera su da wani nau'i na cutar ALS, mai shanye jijiyoyin motsi. A 2014 kuma aka wallafa binciken biran da ƙanina ya ci karo da labarinsa, wanda aka yi a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Wannan bincike ya cancanci a tsaya a kansa. An sa wa birai MPTP ta jijiyar wuya ta gefe ɗaya, ta yadda ɓangare ɗaya na jiki ya nuna alamun cutar. Ba a fara ba su magani ba sai bayan mako guda, aka ci gaba har wata biyu, wasu suna samun C3 wasu suna samun abin da babu magani a ciki, kuma masu auna motsinsu ba su san wanne ya samu wanne ba. Waɗanda suka samu C3 motsinsu ya fi kyau, hoton ƙwaƙwalwarsu ya fi nuna ƙwayoyin dofamin masu aiki. Abin da ya ba aikin daraja a wurina shi ne jinkirin nan na mako guda. Bincike da yawa suna ba da magani kafin guba ko tare da ita, alhali babu mara lafiyar da ke zuwa asibiti kafin ciwo ya kama shi.

Akwai wasu dangin. James Tour na Jami'ar Rice ɗin dai da likita Thomas Kent sun haɗa wasu 'yan gutsattsarin kabon masu narkewa a ruwa da suke kira PEG-HCC. A 2015 suka nuna ƙwaya ɗaya tana iya juya sufa'oksaid fiye da dubu ashirin a daƙiƙa guda. Daga baya suka samo makamantansu daga kwal, da kuma gawayin ƙoƙon kwakwa da aka sarrafa, kuma daga nan ne maganar gawayi ta samo asali. Amma yawancin gwajinsu a kan ɓerayen da suka samu rauni a ka ne, da masu shanyewar ɓarin jiki, da masu kwatankwacin cutar da garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyi. Masu yaɗa labari su ke haɗa komai a tukunya ɗaya su ce maganin karkarwa.

Sai kuma ɗigon girafin, wato 'yan gutsattsarin wata shimfiɗar kabon siririya ƙwarai, wanda masu bincike na Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu da na Johns Hopkins a Amurka suka wallafa aikinsu a kai a 2018. Su ba tartsatsi kaɗai suka duba ba. A ƙwaƙwalwar masu Parkinson akwai wani furotin, alpha-synuclein, da ke lanƙwashewa ba daidai ba ya dunƙule kamar zaren da ya harɗe a cikin keke, ya kuma sa na kusa da shi su harɗe. Sun nuna ɗigon yana hana dunƙulewar, yana warware wadda ta riga ta faru a kwalbar gwaji, yana tsallaka shingen ƙwaƙwalwa a jikin ɓeraye, kuma ɓerayen da suka samu shi sun fi riƙe ƙwayoyin dofamin da iya motsi.

In aka ce ɓera ya samu sauƙi, ga abin da ake nufi. Ana ɗora shi a kan sanda mai juyawa a ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya faɗo. Ana sa shi a kan tsinin sanda a tsaye, kansa sama, a auna lokacin da zai ɗauka ya juyo ya sauko. Ana sa shi cikin kwalba a ƙirga sau nawa ya dafa bango da hannun hagu, sau nawa da na dama. Awo ne na gaskiya, kuma yana gaya mana wani abu. Amma ba ya auna ko tela zai iya zura zare, ko muryarsa za ta fita in ya yi sallama, ko zai iya juyawa a kan gado da dare, ko cikinsa zai daina ƙullewa, ko damuwa za ta sake shi.

A nan gizo ke saƙa. Birin da aka yi wa allurar guba ya rasa ƙwayoyinsa cikin kwanaki, ta dalili ɗaya da aka sani, a ranar da aka sani. Baffana ya yi shekaru, wataƙila fiye da goma, yana rasa nasa ba wanda ya sani, ta dalilai da suka haɗa da tsufa da gado da abin da ya shaƙa ko ya taɓa a rayuwarsa. Dabbobin gwaji galibi matasa ne, iri ɗaya, abinci ɗaya, ba hawan jini ba ciwon suga. Yawansu a kowane gwaji kaɗan ne, musamman birai. Ana bin su makonni ko watanni, alhali mutum zai sha maganin shekaru. Sannan kowane ɗakin bincike yana haɗa nasa ƙwayoyin da nasa girma da nasa rufi, ta yadda sakamakon wannan ba ya zama shaida ga na wancan. Shi kansa tartsatsin ba maƙiyi ne zalla ba: fararen ƙwayoyin jini da shi suke kashe ƙwayoyin cuta, jijiyoyin jini kuma da danginsa suke aika saƙo. Wanda ya kashe duk wutar gida don tsoron gobara, da me zai dafa tuwo? Shi ya sa masu PEG-HCC suke jaddada cewa nasu sufa'oksaid yake zaɓa, ba ya taɓa sinadarin da ke buɗe jijiyoyin jini.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ina ƙwayoyin ke zuwa bayan sun gama aiki. Wasu suna fita ta fitsari, wasu suna taruwa a hanta da saifa. Kabon ba halinsa ɗaya ba: a 2008 aka nuna dogayen bututun kabon, in aka sa su a cikin ɓeraye, suna haddasa kumburi irin na asbestos, kayan ginin nan da ƙurarsa ke lalata huhu. Siffa da girma da abin da aka liƙa a jiki su ke raba magani da guba.

An riga an ga illar gaggawa. A 2012 wani bincike daga Faransa ya ba da rahoton cewa ɓerayen da aka ba C60 cikin man zaitun sun yi tsawon rai kusan ninki biyu. Ɓeraye shida ne a kowane rukuni. Kafin ka ce kwabo 'yan kasuwa sun cika intanet da kwalaben man C60, ana sayarwa da tsada da sunan maganin tsufa. A 2021 wasu masu bincike a Amurka suka sake gwaji da ɓeraye masu yawa, ba su ga ƙarin tsawon rai ba, suka kuma gano cewa in haske ya taɓa man yana iya zama guba da ke kashe dabbar. Har yau babu wata hukumar magunguna da ta amince da ƙwayoyin kabon a matsayin maganin Parkinson.

Gawayin kasuwa kuwa maganarsa daban ce, kuma ita na fi tsayawa a kai da ƙanina. Ƙwayoyin da ake gwadawa ana dafa su ne cikin asid mai ƙarfi, a tace, a auna girmansu, a lulluɓe su da sinadarin da zai sa su narke, sannan a ba dabba ta allura ko ta wani ɗan famfo da ake dasawa a ƙarƙashin fata. Garin gawayi komai laushinsa ya fi su girma nesa ba kusa ba, ba ya shiga jini, hanji kawai yake bi ya fita. Abin da ya fi muni, halin gawayi shi ne kama sinadarai ya riƙe, shi ya sa asibitoci ke ba wanda ya sha guba wani nau'insa da aka sarrafa. In ka dama wa mai Parkinson gawayi, kana iya kama maganin da ke ba shi damar tashi ya yi alwala da kansa. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Na ce masa, "Ka ga dai, ba ƙarya ka karanta ba. Amma wanda ya rubuta ya tsallake wurin da ya fi muhimmanci." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, mu sai dai mu zuba ido ke nan?"

Tambayar ta tsaya mini a rai, domin ba dole ne mu zama 'yan kallo ba. A 2023 aka wallafa wani babban bincike a kan ƙwayoyin gadon 'yan Afirka masu Parkinson, mafi yawan marasa lafiyar daga Najeriya, da hannun Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas. An gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar, wanda da ƙyar ake samunsa a jikin Turawa. Wannan ƙwaya aikinta ya shafi yadda ƙwayar jiki ke share shararta ne, hanya daban da ta tartsatsi. Ma'ana ko da maganin kabon ya yi nasara gobe a Amurka ko Koriya, da sauran rina a kaba sai an gwada shi a jikin mutanenmu. Kuma muna da wurin farawa: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta suna nan, manoman dankali da kayan lambu masu feshi suna kewaye da mu, kuma nazarin lafiyar ƙwaƙwalwarsu aiki ne da ba wanda zai zo ya yi mana shi kamar yadda za mu yi da kanmu.

Ba a sayo gawayin ba. Abin da aka yi shi ne, yaron ya sa ƙararrawa a wayarsa ta lokutan magani, aka koma ba Baffa ƙwayarsa kamar rabin awa kafin abinci, kamar yadda likita ya ce, domin nama da wake suna gogayya da levodopa a hanji. Likitan ya kuma nace a kan motsa jiki, don haka kullum bayan hantsi, in sanyin Jos ya saki gaɓɓai, su biyun suna takawa daga shago zuwa bakin titi su dawo, yaron yana ƙirga masa taku da ƙarfi in ƙafa ta liƙe a ƙasa. Kamar minti arba'in bayan shan magani akwai wani ɗan lokaci da yatsun ke yi masa biyayya, kuma a lokacin yake yanka yadi. Zura zare kuwa jikarsa ke yi masa da safe kafin ta tafi makaranta, ta jera masa allurai biyar a jikin matashin keke.